Yadda Hannuna Na Hagu Ya Karye

Shekara goma sha takwas na yi ina ba da labarin yadda hannuna na hagu ya karye. Na ba da shi a makarantu, na ba da shi a wurin walimar raba kyaututtuka, har a gidan rediyo na ba da shi sau biyu. Ko sau ɗaya ban faɗe shi daidai ba.

Sunana Dervla Cusack. A gonar mahaifina na tashi, mil huɗu daga garin Kilcarra, ni kaɗai ce mace a cikin maza huɗu. Tsaron gida a ƙwallon ƙafa ba zaɓina ba ne. Yayyena ne suke tsayar da ni a bakin rumbun ciyawa su yi ta dirka min ƙwallo, in na yi kuka su ce in koma kicin wurin Mama. Ban koma ba. Ina shekara goma sha shida Mossie Devane ya gan ni a filin makaranta. Shi ne direban motar da ke kai mu makaranta, kuma shi ne kocin ƙungiyar mata ta garin, saboda ba wanda ya yarda ya karɓi aikin sai shi. Mutum ne mai tumbi da ƙatuwar murya, ga saurin kuka.

"Ke, 'yar gidan Cusack," in ji shi, "kina da abin yi ranar Lahadi bayan coci?"

"Tatsar shanu."

"Shanun za su jira. Ki zo da takalmi."

A lokacin ba mu da ɗakin canza kaya, a cikin motar Mossie muke canzawa, shi kuma ya tsaya a waje cikin ruwan sama ya juya baya yana shan taba. Rigunanmu kwancen ƙungiyar maza ne, har gwiwa suke kai mu. Filin ma sai maza sun gama dagargaza shi ake bar mana.

A can na sami Nuala Hession. Ita ce mai tsaron gidan ƙungiyar, nas ce a asibitin gari, ta girme ni da shekara shida. Ranar farko ta dubi hannuwana ta ciro tsohuwar safar hannunta daga jaka ta jefo min. Duk abin da na iya a raga ita ta koya min: inda zan tsaya, yadda zan faɗi ban ji ciwo ba, yadda zan yi wa 'yan baya tsawa su ji tsorona fiye da na abokan hamayya. In an tashi daga atisaye sai ta tsaya ta ƙara min rabin awa tana buga min ƙwallo. Cikin shekara biyu na karɓe mata riga mai lamba ɗaya. Ranar da Mossie ya sanar, ita ta fara tafi. Ta koma benci, ta zauna a can shekara shida, tana zuwa kowane wasa da fulas ɗin shayi da jakar bandeji.

Ina da shekara ashirin da huɗu muka yi nisan da ba mu taɓa yi ba a gasar kofi. A wasan daf da na kusa da na ƙarshe na fito da gudu na kwashe ƙafar 'yar gabansu, alƙalin wasa ya ɗaga min jan kati. Muka ci wasan duk da haka, amma an dakatar da ni wasa ɗaya. Saboda haka Nuala ce ta tsaya a raga a wasan kusa da na ƙarshe. Aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti, ta ture biyu. 'Yan wasa suka ɗauke ta a kafaɗa suna zagaye fili da ita, laka har gashinta, tana dariya tana cewa su sauke ta kafin su karya ta. Ina gefe ina tafi, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Shekararta talatin a lokacin, kuma ta riga ta ce daga wannan kakar ta ajiye ƙwallo. Wasu a gari suka fara cewa ita ya kamata ta tsaya a wasan ƙarshe. Mossie ya kashe maganar.

"Dervla ce lamba ɗaya," ya ce. "Nuala ta sani, ni na sani, har karen gidana ya sani."

Ya kuma gaya min a ɓoye cewa kocin ƙungiyar ƙasa zai zo kallon wasan, kuma ni zai zo gani.

Saura kwana goma wasan, ina taya Baba loda bijimai a tirela, sai wani baƙin bijimi ya harbi ƙyauren ƙarfe. Hannuna na tsakanin ƙyauren da turke. Na ji ƙarar a cikin kaina kafin in ji zafin. Baba ya leƙo ya ce lafiya? Na ce ba komai, na cusa hannun a aljihu. Da muka gama na shiga mota na tuƙa da hannu ɗaya, ban nufi asibiti ba, gidan Nuala na nufa.

Na same ta a kicin tana fere dankali. Ta wanke hannu, ta zaunar da ni, ta bi bayan hannuna da yatsa a hankali. Da ta zo wani wuri sai da na ciji leɓe.

"Ya karye," ta ce. "Ƙashi biyu, in ban yi kuskure ba. Tashi mu je a ɗauki hoto."

"Ba inda za ni. Ki ɗaure min kawai."

"Ke, kina hauka ne? Wata shida ma ba lallai..."

"Kwana goma kawai nake so, Nuala. Bayan wasa ki kai ni duk inda kika ga dama."

"Da wane hannun za ki kama ƙwallo? Ki gaya wa Mossie yau. In ba za ki iya ba, ni zan gaya masa."

A nan ne na faɗi maganar da har yau in na tuna ta nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dube ta na ce, "Ai na sani. Dama abin da kike jira ke nan. Shekara shida kina zaune a benci kina addu'a wani abu ya same ni. Je ki gaya masa, duk gari su san yadda kika samu rigar."

Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta tashi ta kashe tukunyar da ke tafasa, ta tsaya ta ba ni baya na ɗan lokaci, sannan ta ɗauko jakar bandeji. Ta ɗaure min hannun da kyau, yadda zai shiga safa ba a gane ba. Na san abin da na yi. Na toshe mata baki ne, domin daga wannan lokacin duk abin da ta faɗa zai zama hassada.

Kwanakin da suka rage na ce wa Mossie mura ce ke damuna, ina gudu kawai ba na shiga raga. Nuala ce take tsayawa a atisaye. Kowace yamma nakan biya ta gidanta ta canza min ɗauri, ba ta ce min, ba na ce mata.

A Dublin aka yi wasan. Motoci uku suka taso daga Kilcarra, har Fada, limamin cocinmu, ya matso da addu'ar safe don mutane su samu tafiya. Mu muka fara ci, a minti na ashirin, kyaftin ɗinmu ta sa kai a bugun kwana. Har aka kusa tafiya hutu ban taɓa ƙwallo da hagu ba, na fara cewa a raina asirina ya rufu. Sai wata ta buga daga nesa, bugu marar ƙarfi, ta ɓangaren hagu. Irin wanda ko daga barci na tashi zan kama. Na faɗa, na miƙa hannu, amma kafin ƙwallon ta iso hannun ya janye da kansa. Ba ni na janye shi ba, jikina ne ya ƙi. Ta wuce ta ƙarƙashina ta kwanta a raga.

Lokacin hutu Nuala ta miƙo min ruwa, ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Ɗaya da ɗaya ne. Ba a makara ba. Faɗa wa Mossie yanzu."

Na karɓi ruwan na juya mata ƙeya.

Ta biyun da aka ci mu, daga gefe aka ɗago ta. Ƙwallo ce ta hannu biyu, na naushe ta da dama kaɗai, ta faɗi a ƙafar mai lamba tara. Ta uku na tilasta wa hannun ya tsaya. Ƙwallon ta doke shi ta lanƙwasa shi ta wuce, idona ya yi fari fat, na kwanta ina cizon ciyawa. Uku da ɗaya aka tashi. Dukansu ukun da Nuala ce a raga da ta kama su, wannan ba na ko shakka.

Bayan wasa safar ta ƙi fita. Sai da mai ba da agaji ya yanka ta da almakashi. Hannun ya kumbura ya yi baƙi kamar ba nawa ba. 'Yan wasa suka kewaye ni, har da waɗanda ɗazu suke kuka suna hararata. Mossie ya durƙusa a gabana.

"Ya Allah. Yaushe wannan ya faru, 'yata?"

Da gaske mun ɗan yi karo da mai lamba tara a farkon wasa, karon da ko ƙwarzane bai bar min ba. Na ji bakina yana cewa, "Minti na biyar. Lokacin da muka yi karo."

"Kuma kika yi shiru? Minti tamanin da biyar?" Hawaye suka zubo masa. Ya juya ga sauran yana nuna ni. "Kun gani? Kun ga abin da ake kira zuciya?"

Akwai ɗan jarida a tsaye a bakin ƙofa, yana rubutu. Ta bayan kafaɗarsa na hango Nuala tana naɗe bandeji tana jerawa a jaka, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗago ba.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashin ya daɗe yana kallo, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Yau kika ce wannan ya faru?"

"Yau."

Ya ce to, ya rubuta abin da zai rubuta.

Ranar Laraba hotona ya fito a jarida da hannu a rataye. Aka manta an ci mu uku, sai maganar yarinyar da ta tsare raga da karyayyen hannu. Kocin ƙungiyar ƙasa ya bugo waya gidanmu da kansa, ya ce irina yake nema. Da hannun ya warke aka kira ni. Na tsaya wa ƙasata a raga sau goma sha ɗaya, na yi shekara huɗu ina wasa a Ingila, har gwiwata ta dama ta ce ta gaji. Na yi kwasa-kwasan koyarwa, na dawo gida na karɓi 'yan matan Kilcarra 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Zuwa lokacin an gina mana ɗakin canza kaya mai ruwan zafi, kuma a bangonsa an rataye wannan shafin jaridar a cikin gilashi. Kilcarra ba ta sake zuwa wasan ƙarshe ba tun daga ranar.

Yatsuna biyu sun warke a karkace, su ne shaidata. Duk makarantar da aka gayyace ni sai in ɗaga hannun yara su gani. Labarin ya yi ta girma a bakina. Na ƙara cewa na ji ƙarar ƙashin, na ƙara cewa alƙalin wasa ya tambaye ni na ce lafiya lau. Nakan rufe da cewa mai tsaron gida ba ta barin raga sai an ɗauke ta. Da yawan faɗa har na fara ganin karon a idona kamar ya faru. Nuala kuwa, muna haɗuwa a coci ko a shagon nama, ta ɗaga min kai in ɗaga mata. Ba ta sake taka filinmu ba.

Riona Tuohy ta zo hannuna tana shekara goma sha uku. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, amma ban taɓa ganin yarinya mai karanta ƙwallo kamarta ba. Takan tsaya a inda ƙwallon za ta zo tun mai bugun ba ta yanke shawara ba. Duk abin da na faɗa sai ta riƙe shi kamar karatun coci. Har yadda nake tofa yawu a safa kafin a fara wasa ta kwaikwaya. Da ta kai sha shida na riga na rubuta wa masu zaɓen 'yan wasan ƙasa wasiƙa a kanta.

A wannan shekarar muka kai wasan kusa da na ƙarshe na yankinmu. Makonni uku kafin wasan na lura tana karɓar ƙwallo da ƙirji maimakon hannu. Na lura ta daina jifa da dama. Na lura tana zuwa da safa a hannu tun daga gida, kuma ba ta cirewa sai ta shiga motar mahaifiyarta. Ni da na yi wannan wasan ɓoyon da kaina, wa zai fi ni gane shi? Sau ɗaya na ce, "Riona, lafiya dai?" Ta ce, "Lafiya lau, Koci." Na karɓa da sauri, don amsar da nake so ke nan. Mai jiran gadonta, Keelin, shekararta sha huɗu, kuma tana rufe ido in ƙwallo ta taso mata.

Ranar Asabar da rana aka yi wasan. Ana cikin rabi na biyu aka ɗago wata ƙwallo mai sauƙi, Riona ta fito ta kama ta da hannu biyu, sai ta saki wata ƙara da ta tsayar da kowa. Ta durƙushe tana rungume da hannun dama. Da na isa wurinta fuskarta ta yi fari, amma abin da take cewa shi ne, "Kar ki cire ni, Koci. Zan iya. Don Allah kar ki cire ni."

Ni da mahaifiyarta Bernie muka kai ta asibiti. Aka shigar da mu wani ɗaki, aka ja labule, sai ga babbar nas ta shigo da almakashi a hannu. Nuala ce. Gashinta ya yi furfura, ta sa tabarau. Ta dube ni sau ɗaya, ta ce wa Riona, "Sannu 'yan mata, bari mu ga ɓarnar da kika yi." Ta yanka safar. A ƙarƙashi akwai filasta da yarinyar ta naɗa wa kanta, ta yi dauɗa, ta ci fata.

Bayan hoto likita ya ce wani ƙaramin ƙashi ne a wuyan hannu, kuma ba yau ya karye ba, ya kai mako uku. Ya ce da an zo da wuri da filastar kankare ta wadatar. Yanzu sai an yi tiyata an sa ƙusa, kuma ba zai yi alkawarin hannun zai koma yadda yake ba.

Bernie ta juya kan 'yarta. "Mako uku? Riona, mako uku kina cin abinci a gabana da karyayyen hannu?"

"Daga keke na faɗo, Mama. Na ɗauka zai warke."

"Kika ɗauka! Me ya hana ki faɗa? Bakinki ma karyewa ya yi?"

Riona ta ɗago ta dube ni, idonta cike da hawaye, amma da wani irin alfahari, kamar mai jiran a yaba mata.

"Koci ta yi minti tamanin da biyar da karyayyen hannu a wasan ƙarshe. Ƙashi biyu ma. Nawa ɗaya ne kawai."

Nuala na goge mata hannu da auduga, ba ta tsaya ba, ba ta ɗago ba. Na ce zan je in samo ruwa, na fita.

A baranda na tsaya kusa da injin sayar da shayi, ban sayi komai ba. Bayan kamar minti goma Nuala ta fito tana cire safar roba.

"Nuala," na ce.

"Ina aiki, Dervla."

"Minti ɗaya. Don Allah. Abin da na yi miki..."

"Ba ni za ki gaya wa ba. Ni ai na sani, ina wurin." Ta jefa safar a kwandon shara. "Kuma kar ki ɗauka ni na fita daga laifi. Ni na ɗaure miki hannun. Nas ce ni, na san abin da nake yi, na yi shi don kar a ce ina baƙin ciki da ke. Duk ranar da na ji ki a rediyo sai in kashe, ba don haushinki kaɗai ba."

"Ki yafe min."

Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "Kin san Babana ya je Dublin ran nan? Bai taɓa kallon wasana ba, cewa yake ƙwallo ba ta mata ba ce. Da ya ji labarin fenariti biyun nan a mashaya sai ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya shiga mota. Ya ɗauka ni zan tsaya. Ya yi awa biyu yana kallona ina zuba wa mutane shayi." Ta mayar da tabarau. "Ya rasu shekara tara ke nan. Yarinyar can kuma tana ciki tana jin ta yi abin kirki. Ki san yadda za ki yi da ita."

Ta koma ciki ta ja labule.

Ban iya gaya wa Riona a ranar ba. Ranar Litinin, bayan an yi mata aikin, na je na same ta a gado, Bernie na zaune a gefe tana saƙa. Na zauna na faɗi komai: bijimin, ƙyauren, kicin ɗin Nuala, maganar da na gaya mata, ƙwallaye ukun. Na ce ba jarumta na yi ba, wurin wata na sace, na jawo wa mutum goma sha ɗaya asarar kofi, sannan na yi ƙarya don kar a zage ni. Na kuma ce na ga alamun ciwonta tun makonni uku na kau da kai.

Riona ta juya fuska ga bango.

Bernie ta ajiye saƙarta. "Kin gani kika yi shiru?"

"Na gani."

"Hotonki na manne a ɗakinta, Dervla. A saman gadonta." Ta tashi ta buɗe ƙofa ta riƙe. "Fita, tun ban faɗi abin da zan je ina neman gafara a wurin Fada ba."

Washegari a atisaye na tara 'yan matan da iyayen da suka kawo su, a ɗakin canza kaya. Na sauke gilashin daga bango na sake faɗa daga farko. Wata uwa ta yi tsaki. Wani uba ya yi dariya don ya ɗauka wasa nake, da ya ga ba wanda ya taya shi ya yi shiru. Keelin ta ɗaga hannu kamar a aji ta ce, "To Koci, in mutum ya ji ciwo ya faɗa ke nan?" Na ce ya faɗa.

Saura Mossie. Shekararsa tamanin da ɗaya, yana zaune shi kaɗai a gidansa na bayan coci, ƙafa ta ƙi. Na same shi yana kallon tseren dawaki a talabijin. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

"A'a, ga jarumata! Shigo, ɗora mana ruwan shayi."

Ban ɗora ba. Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa na gaya masa. A raina ina fatan ya ce ai ya daɗe da sani. Bai sani ba. Ina magana fuskarsa tana sauka, har bakinsa ya ɗan buɗe.

"Kwana goma kafin wasan," ya ce.

"E."

"Murar nan da kika ce."

"Ƙarya ce."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. "A wurin bikin aurenki na ba da labarin nan. A wurin jana'izar mahaifinki ma na ba da shi." Ya ɗago ya dube ni. "Ina da lafiyayyar gola a benci. Tana zaune a bayana, taku biyu. Shekara talatin ina tuƙa motar nan, sau ɗaya tak muka je Dublin."

"Mossie, ka yi haƙuri."

Wannan karon bai yi kuka ba. Ya ɗauki rimot ya ƙara sautin talabijin.

"Ki ja min ƙofar da kyau in za ki fita," ya ce. "Iska na shigowa."

Na rubuta takardar ajiye aiki. Kwamiti ya zauna a kanta, aka yi ta gardama, a ƙarshe suka ce in ci gaba zuwa ƙarshen kaka, saboda ba wani mai takardar koyarwa a garin. Kakar ta ƙare ba su sami kowa ba, har yau ni ce. Iyaye uku sun cire 'ya'yansu. Makarantu sun daina gayyatata. A shagon nama in na shiga hira takan tsaya, sai mai shagon ya ce, "Me za a ba ki, Dervla?" da ladabin da ya fi zagi ciwo.

Riona ta dawo da bazara. Wuyan hannun ya warke, amma ba ya lanƙwasa baya yadda ya kamata, likita ya ce raga ta ƙare mata. Ban yi zaton zan sake ganinta a fili ba. Wata ranar Talata ina jera mazugan roba na atisaye sai na gan ta tsaye a bakin layi da takalmi a hannu, ba safa. Bernie na cikin mota, ba ta fito ba, ba ta kuma kashe injin ba.

"Malama Cusack," in ji Riona. Da can Koci take ce min. "An ce kuna neman 'yar baya."

"Muna nema."

"Ban iya sa kai ba."

"Za ki koya."

Ta zauna a ciyawa tana ɗaure takalmi, a hankali, don hannun bai saba ba tukuna. Na yi niyyar in durƙusa in taya ta, na ga ba ni da wannan hurumin. Da ta gama ta miƙe ta dubi raga, inda Keelin ke tsalle-tsalle tana ɗumama jiki.

"Tana tsayawa can ciki da yawa," ta ce. "Ki ce mata ta matso gaba taku biyu."

"Je ki gaya mata da kanki. Za ta fi jin naki."

Ta nufi ragar da gudu-gudu, tana kiran sunan Keelin.